Tikitin Kawu, Iƙamar Baba

Iƙamar Baba a cikin leda biyu take kwana. Ta farko ledar kati ce mai kauri, ta biyu ledar magani ce mai zif, sannan ya jefa su a aljihun gaba na rigar aikinsa ya ɓalla maɓalli. Ranar da muka iso Jidda ni da Umma, tun ba mu gama shan ruwa ba ya fito da ita ya ajiye a kan tabarma.

"Wannan katin shi ne izinin zamana a ƙasar nan," ya ce. "Naki da na Ummanki a jikinsa za su rataya. In ya faɗi, mu uku muka faɗi. Kin gane, Nafisa?"

Na gyaɗa kai. Shekaruna goma sha biyar a lokacin, kuma gyaɗa kai ne abin da na fi iyawa a duniya.

Shekara tara Baba ya yi yana gyaran injinan sanyi a wani sito kafin kafilinsa, wato mai kamfanin da ya tsaya masa, ya sa hannu a kawo mu. Don karatuna Baba ya dage. Ni kuwa Jiddar da na zo da ita a kaina daga Wudil ta talabijin ce, mai teku da dogayen benaye. Wadda na tarar sunanta Khumra: sito bayan sito, tireloli, da iska mai danshi kamar an ɗora wa mutum jiƙaƙƙen tawul a fuska. Ɗakinmu yana saman shagon masu facin taya. Ruwan famfo da rana tafasasshe yake zuwa, sai an tara a bokiti ya huce. Akwai wata kyanwa mai kunne ɗaya da ke zama a matakala ta huɗu, kullum ta huɗu. Ranar Juma'a nakan farka ina jiran kukan shanun da ake korawa kasuwar Kara kamar a Wudil, sai in ji ƙarar injin kwance taya.

Makarantar tana can wajen unguwar Safa, tafiya mai nisa a ƙaramar bas. Larabcin da na zo da shi na Islamiyya ne. Ranar farko na nemi izinin fita shan ruwa, aji ya fashe da dariya, wai na yi magana kamar mai karanta labarai. Daga ranar na kulle bakina. A mako na biyu wata yarinya ta matso kusa da ni a lokacin tara, ta raba burodinta biyu ta turo min rabi.

"Ke Hausa? Kakata ma," ta ce. "Ina ji kullu, amma ba na iya mayarwa sosai."

Amal ke nan. A Jidda aka haife ta, aka haifi babanta. Ita ce ta koya min inda ake tsayawa a layi, da malamar da ba a yi wa tambaya kafin ta sha shayi. Don ayyukan makaranta kuma Baba ya ba ni tsohuwar wayarsa, wadda layinta yake da sunansa. Da na san abin da wayar nan za ta jawo, da na ce a bar ni da littafi da biro.

Kawu Isuhu yayan Umma ne. Umara ya zo shekara huɗu kafin zuwanmu, ya ga gari ya zauna, ba iƙama ba komai. Saboda haka Baba bai taɓa yarda ya kwana a gidanmu ba. Ya zo ya ci tuwo, ya yi hira, amma kafin isha'i ya kama hanya. Umma ba ta taɓa cewa komai a kan hakan ba, sai dai kwanukan da take wankewa a ranar sun fi ƙara.

A gida dillalin shanu ne a Kara. A kasuwar Bab Makka ta Jidda kuwa ba shi da shago, yana tsayawa ne a ƙofar wani mai yadi yana jawo masu saye, a ba shi la'ada. Amma hannunsa bai manta da shanu ba. Idan zai yabi bandir ɗin atamfa sai ya dake shi a gefe da tafin hannu, kamar yana nuna kitsen bijimi. Ni kuma Malama yake kirana, don ya lura ba na wuce rubutu ban karanta ba, ko na jikin gwangwanin madara ne.

Wata Asabar muka je Bab Makka sayen abayar makaranta, ya ga wayar a hannuna.

"Malama, wannan tana sayen tikitin ƙwallo?"

Na ce ban sani ba.

"Tana saye. Na ga yara suna yi. Lambar waya ake so da lambar iƙama, ga su kuwa na babanki. Ana sakin tikiti ya ƙare kafin a sha shayi, ranar wasa kuma mutane su rasa. To wanda ya riga ya saya fa? Allah ya ba shi."

A tsaye a nan, tsakanin yadudduka, na buɗe masa asusu a manhajar. Kafin a gama sai da aka nuna wani dogon rubutu na sharuɗɗa, wanda ake so mutum ya danna ya amince. Na karanta shi kaf, har Kawu ya gaji ya sayo mana ruwan rake.

"Kawu," na ce, "an rubuta wani abu a nan."

"Me aka rubuta?"

"Wai ba a yarda a sayar da tikiti a waje ba. Wanda ba zai je ba, akwai wurin mayarwa a cikin manhajar. Wanda aka kama yana sayarwa don riba za a soke tikitin, a rufe asusun, a miƙa shi ga hukuma."

Ya yi dariya har sai da ya riƙe hularsa.

"Da kuɗina zan saya ko da na wani? Nawa. Sata ce? Ba sata ba ce. To mutum ya sayi sa ranar Juma'a ya sayar ranar Lahadi, ɓarawo ne? Shekara ashirin ina wannan, Malama, ba a taɓa kai ni gaban alƙali ba."

"Ke," in ji Umma, "yayan nawa kike karanta wa doka? Danna masa abin da ya ce."

Na danna. Ya ba Umma kuɗin a hannu, ni kuma na biya da katin cefanen Baba da ke hannunta. Tikiti huɗu.

Ranar Lahadi na tambayi Amal a hankali, kamar labarin wasu nake bayarwa. Ta zaro ido.

"La, la! Wannan kasuwar bayan fage ce. Akwai garama, tara babba. Kuma ku baƙi, in an ce mutum yana sana'a wadda ba ta iƙamarsa ba, mushkila. Tarhil. A sa shi a jirgi, halas. Wa yake yi?"

Na ce wani ne a unguwarmu.

Daga nan saƙonnin murya suka fara. Kawu bai iya rubutu a waya ba, sai magana. Kowane saƙo yana farawa da gaisuwa ta rabin minti: ya karatu, ya zafi, ya Ummanki, ya baƙunta, ya ƙoƙari. Sannan ya faɗi wasan da yake so da yawan kujeru. Kuma kowanne da jimla ɗaya yake ƙarewa: "Kada babanki ya ji, kin san shi da tsoro." Ban goge ko ɗaya ba. Ba don wata dabara ba, ni dai ba na iya zubar da abu. Har takardun alewa ina da su a cikin littafi.

Sau nawa na shirya gaya wa Baba? A banɗaki nake haɗa maganar, in maimaita ta a gaban madubi har ta zauna. Sai ya dawo daga ɗakin sanyi da yatsunsa a tsattsage, ya zauna yana gyangyaɗi a kan kwanon abinci, yana lissafin cewa saura wata biyu a sabunta iƙama. In buɗe baki, Umma ta ɗago ido ta dube ni daga ƙofar kicin, in ce, "Baba, a ƙaro ruwa?" Haushin kaina nake ji har in kasa cin abinci. Yarinya da ta karanta sharuɗɗa tun daga farko har ƙarshe, amma ta kasa haɗa kalma biyar a gaban ubanta.

Cinikin farko ya tafi lafiya, domin masu sayen sun san yadda ake karɓar tikiti daga waya zuwa waya. A na biyu ne aka samu matsala. Kawu ya ce wannan turawar tana ɗaukar lokaci, in ɗauki hoton tikitin kawai in aiko masa. Na ce masa ɗan zanen nan mai kama da saƙar faifai da ake nunawa a ƙofa yana canzawa, hoto ba zai yi aiki ba. Na faɗa, Allah ya sani na faɗa, amma da muryar da ko ni da ƙyar na ji. Ya sayar wa wani mai gyaran agogo hotunan. Mutumin ya je da iyalinsa, ƙofa ta ƙi buɗewa. Washegari ya zo Bab Makka ya tsaya a tsakiyar layin 'yan yadi ya kira Kawu macuci a gaban kowa.

Kawu ya mayar masa da kuɗinsa, amma kalmar ta tsaya masa a wuya. Ya zo gidanmu ya kasa cin tuwo.

"Ni macuci? Ni Isuhu, da ba a taɓa dawo min da ko maraƙi ba? Laifina ne. Na yi ciniki ba mai shaida, kamar wani yaro. A Kara wa ya isa ya karɓi igiya ba a kira mutum na uku ba? Daga yau hannu da hannu, a bakin ƙofa, a gaban mai shaida."

Na ɗauka zai ce ya daina. Abin da ya koya daga wannan wulaƙanci ke nan: mai shaida.

Sai babban wasa ya zo, wanda ƙungiyoyin garin biyu ke haɗuwa. Tikiti shida ya sa na saya. Ranar wasan Baba yana da dogon aiki, wani inji ya lalace da kaya a ciki. Kawu ya iso bayan azahar da sabuwar hula.

"Sa abayarki, Malama. Wayar ba ta jin maganata sai taki."

Na dubi Umma.

"Ai da kawunki kike," ta ce. "Ku dai dawo kafin Malam."

Filin wasan yana can arewacin gari, sai da muka canza mota biyu. Mun isa bayan la'asar. Ban taɓa ganin mutane haka ba, rabi da gyalen wuya ruwan ɗorawa, rabi da kore, ana ta kiɗa ganga ana waƙa. A jikin shingen ƙarfe an rataye alluna, kuma ba sai na faɗa ba, na karanta su. Abin da ke cikin manhajar ne aka rubuta da manyan baƙaƙe. Na nuna wa Kawu da yatsa. Ya ce, "Ma sha Allah, rubutu mai kyau."

Bai yi minti goma ba ya samu mai saye, wani mutum mai ƙiba da gyalen kore, yana ta share gumi yana cewa matarsa da 'ya'yansa suna cikin mota. Kawu ya karɓi wayar ya dake ta a gefe da tafin hannu.

"Kujeru ne ƙosassu," ya ce da Larabcinsa na kasuwa. "Tsakiya. Kana ganin gumin ɗan wasa."

Mutumin ya taya. Kawu ya kawar da kai ya ce, "Albarka!" da Hausa, kamar Balaraben zai gane. Mutumin ya ƙara. "Albarka!" Mutane suka fara waiwaye. Ni dai na ja gyalena har goshi, ina roƙon ƙasa ta tsage. Da suka kai ninki uku na kuɗin da aka saya, Kawu ya ce ya sallama. Mutumin ya zaro walat ɗinsa, yana cewa yalla, yalla.

"Tsaya," in ji Kawu. "Sai da mai shaida."

Ya juya yana duba jama'a. Na san irin wanda yake nema, irin wanda ake kira a Kara: mai natsuwa, mai kamala, wanda ba ya cikin hayaniya. Kuma akwai shi, taku biyar daga inda muke. Farar jallabiya mai guga, yana tsaye shi kaɗai.

Tun da muka iso na lura da mutumin nan. Ba shi da gyale, ba ɗorawa ba kore. Kowa da silifa ko takalmin gudu, shi kuwa baƙin takalmi mai igiya da safa. Akwai wani siririn zare a wuyansa da ya gangara ya shige aljihun ƙirji. Kuma duk jama'a ƙofa suke kallo, shi hannayen mutane yake kallo.

"Kawu," na ce.

Iska ce ta fito, ba murya ba. Kafin in sake gwadawa har ya kamo hannun rigar mutumin.

"Ya shaihu, zo don Allah ka zama shaida. Ni mutum ne mai gaskiya, ba na son rigima daga baya."

Mutumin ya taho ba musu. Kawu ya yi masa bayani dalla-dalla, yana ƙirgawa da yatsu: tikiti shida, ga su a waya, na gaske ne ba hoto ba, an yi ciniki, ba wanda aka tilasta.

"A nawa ka saya?" in ji mutumin.

Kawu ya faɗa.

"A nawa ka sayar?"

Kawu ya faɗa, har da ɗaga murya don kada a ce ya ɓoye wani abu.

"To, na shaida," in ji mutumin. Ya jawo zaren wuyansa, katin jami'in hukuma ya fito daga aljihu.

Da na waiwaya, mai gyalen kore ya ɓace kamar ba a taɓa haifarsa ba.

Wani ɗakin kwantena aka kai mu a bayan shinge. Sanyin ciki ya yi yawa. Akwai tebur ɗaya, kujerun roba, da wata mata cikin kayan masu gadi a tsaye a bakin ƙofa, baƙa kamar mu. Jami'in ya nemi iƙamar Kawu. Kawu ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, ya cire hula ya duba ciki. Jami'in ya bar shi ya gama, sannan ya rubuta wani abu. Ya tambaye shi ko ya taɓa yin wannan sana'a, Kawu ya ce yau ne farko. Sai ya ɗauki wayar ya buɗe asusun.

"Wannan sunan na wane ne?"

"Mahaifina," na ce.

"To. Uba ya sayi tikiti da sunansa da katinsa, ya aiko 'yarsa da mutumin da ba shi da takarda su sayar." Ya ajiye biro. "Wannan ya wuce maganar tikiti. Mazaunin ƙasa yana sana'ar da ba tasa ba, kuma yana sa marar iƙama aiki. Kira shi."

Sai bayan magariba Baba ya iso, da rigar ɗakin sanyi a jikinsa, hannunsa a kan aljihun gaba. Bai dube ni ba, bai dubi Kawu ba. Aka ce ya kawo iƙama. Ya ɓalle maɓalli, ya fito da ledar, ya zuge zif ɗin. Jami'in ya karɓi katin ya ajiye a gefensa na tebur, ya ɗora kofin shayinsa a kai. Ina kallon da'irar ruwan da kofin yake yi a kan hoton Baba.

"Wallahi ban san komai ba," in ji Baba.

"Kowa haka yake cewa."

"Ni ne," in ji Kawu. "Ni kaɗai. Bawan Allan nan ko ƙwallo ba ya kallo."

"Kai tafiyarka ta riga ta tabbata," in ji jami'in. "Mai tafiya zai iya ɗaukar laifin kowa. Ni abin da ke rubuce nake gani: sunansa, lambarsa, katinsa." Ya jawo wata takarda ya fara cikewa, yana duba lambar iƙamar a ƙarƙashin kofin.

Na san abin da ke cikin wayar. Na kuma san abin da zai fito idan na buɗe: cewa ba yau ne farkon Kawu ba, cewa Umma ce ta ba da katin, cewa wata biyu ina zuba wa Baba ruwa ina ɓoye masa. Biron yana ta tafiya. Ya gama layi na farko, ya shiga na biyu.

Na miƙe tsaye. Larabcin da ya zo bakina shi ne wanda aji ya yi wa dariya.

"Ya shugabana, ina da hujja, kuma ina neman izinin gabatar da ita."

Jami'in ya ɗaga gira. Na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya turo min wayar. Na buɗe saƙonnin Kawu, jeri guda har ƙasa, kowanne da ranarsa.

"Da wane yare?" ya ce.

"Hausa."

"Ni ina ji," in ji matar da ke bakin ƙofa. Ta matso ta tsaya a bayana, ta dafa kafaɗata. "Kunna, ƙanwa. Ba tsoro."

Na kunna na farko. Muryar Kawu ta cika kwantenar: ya karatu, ya zafi, ya Ummanki, ya baƙunta.

"Me yake cewa?" in ji jami'in.

"Yana gaisuwa."

Aka jira.

"Yanzu fa?"

"Har yanzu gaisuwa."

"Yalla!"

Sai maganar ta zo. Matar ta fassara ta tiryan-tiryan, ba ta rage ba ta ƙara, har jimlar ƙarshe: kada babanki ya ji, kin san shi da tsoro. Jami'in ya ce a kunna wani. Aka kunna. Ya zaɓi wani daga tsakiya da kansa, wanda Kawu ke cewa Umma ta ba ni katin cefane. Duk da jimla ɗaya suka ƙare. A karo na huɗu matar ba ta ma fassara ba, shi da kansa ya gane sautin.

"Malama," in ji Kawu a hankali, "har waɗannan kika ajiye?"

Ban iya dubansa ba. Baba kuwa bango yake kallo.

Jami'in ya yage takardar da ya fara, ya ɗauko wata. Ya ce an soke tikitin shida, an rufe asusun, kuma akwai tara da za ta biyo baya tunda da sunan Baba aka buɗe. Ya sa Baba ya sa hannu cewa ba za a sake amfani da lambarsa haka ba. Sannan ya ɗaga kofin, ya turo katin da yatsa ɗaya. Baba ya goge shi da gefen rigarsa, gaba da baya, ya mayar cikin leda ta farko, ya mayar cikin ta biyu.

Kawu aka fita da shi ta ƙofar baya zuwa wata mota mai raga a taga. Matar ta ba ni robar ruwa da dabino uku a cikin tishu. Ban san sunanta ba har yau.

A hanyar Khumra Baba bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Sai da muka wuce sito na farko ya ce, "Sau nawa kika so ki gaya min?"

"Kullum, Baba."

"To," ya ce.

Umma ba ta yi min magana ba kwana goma sha ɗaya. Takan ajiye min abinci ta juya. Bayan nan ma maganar ba ta wuce ɗauki wannan, ajiye wancan. Na san a ranta ni ce na kunna muryar da ta tabbatar da laifin yayanta. Ni kuma a raina ina cewa, ni na kamo hannun rigar mutumin? Amma ba a faɗa wa uwa haka, sai dai a faɗa wa kyanwar matakala ta huɗu.

Tarar ta zo, Baba ya biya, aka fasa sayen sabuwar na'urar sanyaya ɗaki. Har ranar sabunta iƙama ba wanda ya yi barci mai daɗi a gidan, don ba mu san abin da aka rubuta a kansa ba, ko me kafili zai ce. Ranar da ta fito, Baba ya dawo ya zauna a kan tabarma ya ce, "An sabunta. Mu uku." Ya sha ruwa kofi biyu a jere.

Bayan mako uku saƙon murya ya shigo daga wata lambar Najeriya. Na kunna a tsakar ɗaki. Kafin muryar Kawu sai da na ji kukan shanu a bayansa, da hayaniyar Kara. Ya yi gaisuwarsa cikakkiya. Ya ce ya iso lafiya, an riƙe su an ciyar da su, jirgi kuma kyauta.

"Kada ki sa komai a ranki, Malama, kin yi daidai, uba uba ne. Kuma ko ba komai, ki faɗa wa Ummanki idona bai lalace ba. A cikin dubban mutanen nan na zaɓo mai gaskiya. Kin ji ya ƙara ko riyal ɗaya a kan abin da na faɗa? To. Yanzu wata 'yar magana. Ƙawar nan taki Amal, ai ita 'yar ƙasa ce, tana da waya da sunanta ko? Akwai wani yaron kirki a Bab Makka da zai riƙa tsayawa a ƙofa. Kada babanki ya ji."

Na zauna ina kallon wayar. A kicin ƙarar kwanuka ta tsaya.

Na danna wurin ɗaukar murya. Na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi mutanen gida da kasuwa da shanu. Sannan na ce, "A'a, Kawu," da ƙarfin da sai da masu facin taya suka ji daga ƙasa.

Ban kai ga sakin maɓallin ba Umma ta leƙo, da ludayi a hannunta.

"Kada ki tura tukuna," ta ce. "Ki ce masa in ji ni ma."